Basic Channel na Balin: ta yaya suka haɗa wannan sauti mai hazo?

Mai_Miksa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Masu kiɗan tekno ba su da zance sai Basic Channel. Su waye, kuma yaya ake fitar da amsa-kuwwar nan tasu ba tare da kiɗan ya cakuɗe ba?

Garmaho: Wa alaikumus salam. Jamusawa ne biyu, Moritz von Oswald da Mark Ernestus, sun fara a Balin a 1993. Ernestus ne ya buɗe shagon faifai na Hard Wax a 1989, inda teknon birnin Ditiroyit na Amurka ya samu gindin zama a birnin. Dabararsu ita ce aura bugun teknon da salon dub na Jamaika, inda mai riƙe da miksa, wato na'urar haɗa sautuka, shi ne makaɗin. A 1995 suka kafa kamfanin faifai na Chain Reaction, wanda ya fitar da su Monolake da Porter Ricks, da kuma Dubplates & Mastering don yanka faifai. Daga baya suka koma aiki da sunan Rhythm & Sound tare da mawaƙi Paul St. Hilaire.

Injiniya_B: Malam Mai_Miksa, ga aikin. Sa gudun kiɗa bugu 125 a minti, kowane bugu milisakan 480 ke nan. Saita na'urar eko, wato mai amsa-kuwwa, a milisakan 360, wato kashi uku cikin huɗu na bugu, don maimaicin ya riƙa faɗawa tsakanin ganguna, ba a kansu ba. Buga sautuka uku a haɗe, gajere ƙwarai, sau ɗaya ko biyu cikin bugu huɗu. Abin da ke komawa cikin ekon ka bar shi tsakanin kashi 60 da 70. Ya wuce 100, kowane maimaici zai fi na baya ƙarfi har lasifika ta yi kuka.

Cakuɗewar da kake ji, maganinta matatar sauti ce, wato filta. Sa ta a CIKIN zagayen ekon, ka yanke ƙasa da haz (ma'aunin kaifin sauti) 300 da sama da 3,000. Haka kowane maimaici zai fi na baya dushewa, bes, wato sauti mai kauri, kuma ya samu fili. In ka sa ta a waje, duk maimaicin kala ɗaya zai fito. Ka riƙa murɗa ta da hannu a hankali kana ɗauka, kuma kada ka goge shuuu ɗin na'ura, yana cikin kiɗan.

Garmaho: Ƙari kaɗan, Injiniya: bes da babbar ganga su zauna a tsakiya. Aka baza su hagu da dama, allura kan yi tsalle a faifai.

Hajiya_Sabar: Ni a ganina aikinsu na baya-baya ya fi armashi. Ernestus ya koma aiki da makaɗan gangar sabar ta Senegal a Ndagga Rhythm Force, shi kuma von Oswald ya yi faifai da Tony Allen, makaɗin Fela, a 2015. Mai_Miksa, ka saurari yadda ake rage ganguna a Ndagga kafin ka taɓa eko.