Neman kalma: corrosion da conformal coating a aikin fanel

Malamin Lantarki:
Assalamu alaikum. Ana shirya ɗan littafin koyar da yaran shago gyaran fanel, wato allon da ke ɗauke da kayan lantarkin cikin na'ura, na waya da na inbata da na talabijin, sai kalmomin Turanci biyu da muke nema wa Hausa suka tsaya mana a wuya: corrosion da conformal coating. Ta farko kowa zai ce tsatsa. To amma a kunnen Bahaushe tsatsa ja ce, irin ta kwanon rufi da ƙusa, alhali layukan fanel jan ƙarfe ne, kaurinsu yawanci maikiron 35 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), mahaɗansu kuma kuza ce da dalma, ko kuza da ɗan azurfa. Abin da ke fito musu kore ne, ko fari, ko baƙi. Ta biyu kuwa ita ce siririyar robar nan garai-garai da ake fesa wa fanel bayan an gama haɗa shi, don kada laima ta kai ga ƙarfen. Masana, bismillah.

Mai Gyaran Fanel, Kano:
Wa alaikumus salam, Malam. A kasuwar waya ta Farm Centre "fanel ya yi tsatsa" ake cewa, ko "ruwa ya ci fanel", kuma kowa ya gane. A bar tsatsa yadda take, a riƙa ambatar launinta, don launin ne ke nuna abin da ya kawo ta.

Koriyar tsatsa jan ƙarfe ne ya haɗu da laima da gishiri: gumin hannu, ruwan sama, ko iskar teku in kayan sun kwana a Legas ko Fatakwal. Fara mai gari-gari da ake gani a gidan batirin rimot da tocila ruwan ƙaramin batir ne ya tsiyayo, kuma in batirin alkalin ne ruwan dangin kanwa ne, don haka da ɗan ruwan kal ko na lemon tsami a auduga ake kashe shi, sannan a wanke. Farin da ke kan babban batirin inbata kuwa akasin haka ne, asid ne, sai ruwan bakin soda. Yaron da ya juya waɗannan biyu ya ƙara ɓarna. Baƙa kuma farar wuta ce, tana kama azurfa da jan ƙarfe, kuma an fi ganinta a inbatar da aka ɗora kan batir mai ruwa a ɗakin da ba taga, musamman in caji na wuce kima.

Injiniya, Zariya:
Oga, na yarda da tsatsa, amma akwai wata cuta da kalmar ba ta ɗauka ba, kuma ita ta fi kashe waya. Wasu sun ce a yi amfani da "zaizayar ƙarfe", to ita ma ba ta isa ba, don a nan ƙarfen tsiro yake yi.

Abu uku ne ke haɗuwa: laima, gishiri ko ragowar fulaks (man da ake sa wa don dalma ta kama) da ba a wanke ba, da wuta tsakanin layuka biyu. Ƙarfe yana narkewa daga layin fozitif, ya bi ta cikin danshin, ya taru a layin negatif, daga nan ya riƙa miƙo rassa sirara yana komawa inda ya fito. Ranar da reshen ya taɓa ɗaya layin, shot ke nan. A wayar da ƙafafun aisi (IC, ɗan guntun nan mai ƙafafu da yawa) ɗinta tazarar milimita 0.4 ce ko ƙasa da haka, in akwai ɗigon ruwa kuma batir na haɗe, mintuna kaɗan sun isa. Turawa dendrite suke ce masa. Ni "saiwar ƙarfe" zan ce, don da madubin ƙara girma kamar saiwar ciyawa yake.

Ba sai waya ta faɗa ruwa ba. Ƙurar hunturu takan kwanta a fanel ɗin inbata ko na kwamfuta, ta zauna lafiya duk rani. Damina na sauka, laimar iska ta haura kashi 60 cikin 100, ƙurar ta tsotsi danshi ta zama hanyar wuta. Shi ya sa za ka ga na'ura garau a watan Maris, a Agusta tana ta ɗaukewa ko tana shan batir ba dalili.

Mai Gyaran Fanel, Kano:
Saiwar ƙarfe ta zauna, Injiniya. Malam, a sa matakan wanki a littafin, don nan yara ke kwafsawa. Da farko a cire batir, kafin komai, kar a ce bari a kunna a gani. A cire kamara, sikirin da sifika, a ɗaga murafun ƙarfen da ke rufe aisi, don ƙarƙashinsu ruwa ke maƙalewa. A fara wankewa da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batir, a tabbata ba mai asid ba ne. Dalili: gishiri ba ya narkewa sosai a sifirit, a ruwa yake narkewa. Bayan nan sai sifirit ɗin isopropyl mai kashi 99 da buroshi mai laushi, shi zai kori ruwan ya kwashe fulaks. Mai kashi 70 na kemis kusan sulusinsa ruwa ne. Tina tana cin robar soket, fetur yana barin maiƙo. Mai injin wanki na ultrasonic, minti uku zuwa biyar sun isa. Sannan a busar a zafin digiri 50 zuwa 60 na awa ɗaya ko biyu. Binne waya a shinkafa ba ya fitar da gishirin da ya riga ya shiga, lokaci kawai yake ba tsatsa.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. Kan kalma ta biyu: a takardun Faransanci da ke zuwa da kaya nan Nijar vernis de tropicalisation ake rubutawa, wato shafen da ke sa kaya su jure ƙasashe masu zafi da laima, mu kuma berni kawai muke cewa. Amma Hausa na da tata. Makuba, wadda magina ke yi da ɓawon ɗorawa su shafe bangon ƙasa don kada ruwan sama ya ci shi. Aikin ɗaya ne. Me zai hana a ce makubar fanel?

Malama, sashen lantarki:
Ɗan'uwa, makuba ta yi daɗi a baki, sai dai yaron birni ɗan shekara goma sha bakwai bai taɓa ganinta ba, kuma tana sa mutum ya zaci a lafta da kauri. Kaurin nan kuwa shi ne matsalar. A ƙa'idar masu haɗa fanel ta IPC-A-610, akirilik da yuretan da efoksi milimita 0.03 zuwa 0.13 ake so, silikon 0.05 zuwa 0.21, parylene kuma 0.01 zuwa 0.05. Kaurin gashin kai ɗaya ko biyu ke nan, ko ƙasa da haka. In ya yi kauri, zafi da sanyi su sa shi ya tsage, ko ya ja ƙafar ƙaramin kayan aiki ya ɓalle ta daga dalma.

Banish ma a kauce masa, don ranar da aka rubuta shi a littafi, washegari wani zai sayo na kafinta. Fenti kuma zai rikice da koren fentin da ke jikin fanel tun daga masana'anta, wanda bai rufe mahaɗai da ƙafafun kayan aiki ba, inda tsatsar ke farawa. Shawarata "yanar kariya". Yana dai irin wadda kunu ke yi in ya huce: siririya, kuma tana bin siffar abin da ta kwanta a kai, wanda shi ne ma'anar conformal ɗin.

Nau'o'in kuwa a bar su da sunayensu. Akirilik ya fi dacewa da shago, yana bushewa da wuri kuma ana iya cire shi a yi gyara. Silikon na wurin zafi ne, kamar fanel ɗin injin mota da fitilar titi mai sola. Yuretan da efoksi sun fi jure sinadarai, amma cire su wahala ce. Parylene ba a fesa shi, a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska ake turara shi, ba aikin shago ba ne.

Injiniya, Zariya:
Malama ta kawo ta. Amma a rubuta da manyan baƙaƙe cewa yanar kariya ba ta mai da fanel kifi. Tururin ruwa yana ratsa ta a hankali, silikon ma ya fi barinsa wucewa. Aikinta shi ne ta manne wa fanel ƙam yadda ruwa ba zai sami wurin kwanciya a kan ƙarfe ba. In aka fesa ta kan fulaks ko shatin yatsa, gishirin zai jawo danshi ta cikinta, ta kumbura ƙuraje-ƙuraje, tsatsa ta ci gaba a ƙarƙashi inda buroshi ba ya kai wa. Gara fanel tsirara da wanda aka rufe da dattinsa.

Kafin fesawa a rufe soket, maɓalli, ramin makirfon, wurin zaman fiyus da fuskar hitsink (ƙarfen da ke kwashe zafi) da tef. Gwangwani ya yi nisan santimita 20 zuwa 30, a yi shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya sha iska kafin na gaba. Yawancin yanar an sa mata sinadarin da ke haske shuɗi a fitilar UV, irin ta duba jabun kuɗi, da ita ake gane inda aka tsallake. A duba bakin ƙafafu masu kaifi, nan take janyewa ta bar ƙarfe a buɗe.

Mai Gyaran Fanel, Kano:
A ƙara gargaɗi kan silikon ɗin masu gilashi da alminiyam, wanda in an matso shi yake warin ruwan kal. Asid yake fitarwa yana bushewa, kuma cikin akwatin da aka rufe zai mai da jan ƙarfe kore. Sai wanda aka rubuta neutral cure a jikinsa.

Malamin Lantarki:
Madalla, Allah ya saka da alheri. An rubuta tsatsa da launukanta, saiwar ƙarfe, da yanar kariya. Saura potting, inda ake cika akwatin gaba ɗaya da efoksi ko silikon, kamar a wasu cajojin fitilar sola da sidi'ai na babur, wato akwatin da ke ba fulogi wuta.

Ɗan Maraɗi:
Wannan zubi ne, Malam, ba gardama. Amma makuba ban janye ta ba, a sa ta ko a gefen shafi ne. Kuma a gaya wa yara fanel mai zubin efoksi ba a cika gyara shi ba, sai canji. Mai yanar akirilik kuwa bakin ayan, wato ƙarfen narka dalma, na huda ta, a canza abin da ya mutu, a wanke wurin da isopropyl, ya bushe, sannan a mayar da yanar da ɗan buroshi.