Hira da jariri: tana gina ƙwaƙwalwa ko abinci ne kawai?

Kawu Lawal: Ni dai har yanzu ban gamsu da maganar nan da ake ta yaɗawa ba, wai a riƙa yi wa jariri hira tun yana cikin tsumma don ƙwaƙwalwarsa ta buɗe. Yaron da bai san sunansa ba me zai gane? A ba shi nono ya ƙoshi, a yi masa riga-kafi, in ya tasa a kai shi allo da boko. Daga nan ilimi yake farawa.

Rabi'atu: Kawu, Allah ya ƙara girma, nono da riga-kafi babu mai ja. Amma akwai gwajin da aka fara a 1986 a Kingston ta ƙasar Jamaika, a kan yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 da rashin abinci ya tsumburar. Wasu aka riƙa ba su madara duk mako. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ke zuwa gidansu awa ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta kira masa sunayen abubuwa, ta yaba masa in ya yi ƙoƙari. Kayan wasan ma da hannu aka haɗa su. Bayan shekara 20 aka sake nemo yaran. Waɗanda aka yi wa wasan, abin da suke samu na sana'a ya ɗara na waɗanda ba a yi wa komai ba da kusan kashi 25 cikin 100. Amfanin madarar ya bayyana da farko, amma bai ɗore ba.

Yaya Sani: Rabi, ki yi a hankali kada wani ya karanta ya ce abinci ba komai ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a arewa maso yamma ma sun haura rabi. Uwar da ta kwana da yunwa ga ɗa na tsotsonta, da wane ƙarfi za ta yi masa waƙa?

Rabi'atu: Gaskiya ne Yaya, ban raba su ba. Abin da nake ja shi ne cewa jariri ba ya ɗaukar komai. Masana a jami'ar Harvard sun ce a shekarun farko jijiyoyin ƙwaƙwalwar yaro na ƙulla mahaɗa sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. Waɗanda ake amfani da su suna ƙarfi, sauran su zube. Ku lura da ɗan wata uku a cinya: zai yi "agu", ya kafe ki da ido, ya yi shiru. Jira yake yi. In kika amsa masa sai ya wuntsila ƙafa ya sake. Wannan kai-komon shi ne karatunsa na farko, tun bai san ma'anar kalma ɗaya ba.

Goggo Hajara: To mu da muka yi kunyar ɗan fari fa? Ban taɓa kiran sunan Sani a gaban mutane ba, balle in zauna ina yi masa surutu. Ga shi malami ne yau.

Maman Ilham: Goggo, ai gidan yawa kuka yi reno. In kin kau da kai akwai kaka mai yi masa rawa a cinya, ga 'yan mata na rige-rigen goya shi, da dare ga tatsuniya. Bai rasa mai amsa masa ba. Mu kuwa ɗaki biyu ne na haya, maigida ya fita tun safe, daga ni sai Ilham. In ina girki tana kuka, waya nake miƙa mata ta yi shiru, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Rabi'atu: Waya ba ta jiran yaro ya yi "agu" ta amsa, shi ya sa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin. Ki goya ta, ki riƙa gaya mata abin da kike yi: ga albasa, ga tumatir, bari mu zuba gishiri. Ba sai kin ajiye aikinki ba.

Kawu Lawal: Maganar gidan yawa ta shige ni, don mun ga haka da idonmu. Amma yara 129 a gari ɗaya ba za su sa in yarda cewa wasa ya fi madara ba. Kuma wa zai biya ma'aikaciyar da za ta bi gida-gida duk mako?

Yaya Sani: Masu ɗigon foliyo suna bin gida-gida, Kawu. Sai dai awa ɗaya duk mako har shekara biyu wani aiki ne daban, da horonsa da albashinsa.

Goggo Hajara: Maman Ilham, ki riƙa kawo min ita ranakun Asabar. Ni ba na kunyar jika.