Ihu ne, kururuwa ce, ko karaji? A taya ni nemo kalma

'Yan uwa masu Hausa a baki ku zo ku taya ni. Jiya da dare ina sauraron mawaƙi Howard Jones a waya, ƙanina ya zare iyafis ɗaya ya sa a kunne, bai yi minti ɗaya ba ya cire ya ce "Yaya, wannan lafiyarsa ƙalau kuwa, me aka yi masa yake ihu haka?" Na buɗe baki zan yi masa bayani sai na ga ba ni da kalmar. Turawa suna ce wa salon screaming, mu me za mu ce?

Ga wanda bai san shi ba, Ba'amurke ne ɗan jihar Ohio, ya yi waƙa da ƙungiyar mawaƙa ta Blood Has Been Shed, a 2002 ya shiga ƙungiyar Killswitch Engage ta jihar Massachusetts bayan mawaƙinsu Jesse Leach ya fita, da shi suka fitar da albam ɗinsu The End of Heartache a 2004, ya bar su a 2012 yana fama da ciwon suga, Jesse ya dawo gurbinsa, Howard kuma ya koma ƙungiyar Devil You Know wadda ta sauya suna zuwa Light the Torch a 2017. Duk inda ya je abu ɗaya ake nemansa da shi, murya biyu a maƙogwaro ɗaya, yanzu yana rerawa da murya mai kauri da taushi, kafin ka ƙifta ido ya ɓarke da wancan abin da muke neman sunansa.

Ihu dai ban yarda da ita ba. Ihu na wanda ɓarawo ya shigo wa gida ne, neman agaji yake. Kururuwa ma kusan haka, akwai tsoro a cikinta. Shi kuwa Howard ba tsoro a muryarsa ko kaɗan, abu ne da aka koya, ana sarrafa numfashi daga ciki, in ba haka ba wallahi sati ɗaya na yawon wasa maƙogwaro ya tashi aiki.

Wani ɗan uwa ya kawo gurnani, na ji daɗinta sosai, amma gurnani ƙasa-ƙasa yake fita kamar na zaki ko kare in ya ga baƙo, to wannan ya dace da abin da suke ce wa growl, mu ajiye masa ita. Wata 'yar uwa kuma ta ce tunda sunan salon kiɗan nasu metalcore, metal kuwa ƙarfe ne, a kira shi waƙar ƙarfe baki ɗaya, a'a Hajiya, duk Bahaushen da ya ji haka maƙera zai tuna.

Ni karaji na tsaya a kai. Mai karaji ba gudu yake ba, ƙarfi yake nunawa, kuma da gangan yake yi. Sai mu ce rerawa, karaji, gurnani, murya uku ke nan. Na gwada da waƙar Killswitch Engage mai suna The Signal Fire ta 2019 inda Howard ya dawo baƙo suka haɗu da Jesse a waƙa ɗaya, na ce wa ƙanina saurari yadda suke karɓa-karɓar karaji, bai ce in maimaita ba, ya gane nan take.

Mutanen Sakkwato da Damagaram, ku ma karaji kuke cewa ko akwai wata a bakinku?