Musayar Waƙa: Malam Sa'adu Zungur

Tsohon Malami:
Da sunan Allah na buɗe fage,
Kan Sa'adu Zungur za mu tsaya.
Ɗan liman ne a birnin Bauchi,
Ya sha tawadar allo tun ƙuruciya.
Ya je Katsina ya yi kwaleji,
A 1934 kwalejin Yaba ta Legas ta ba shi hanya.
Ɗan Arewa na farko a wannan aji,
Ya ɗebo boko bai zubar da tarbiyya.

'Yar Zazzau:
Baba, ka tsallake garinmu,
Ai ya zauna da mu a Zariya.
Ya koyar da 'yan duba-gari,
Tsabtar kasuwa da ta rijiya.
Ya tara samari masu karatu,
Tun ba jam'iyya ya kafa ƙungiya.
Ciwon ƙirji ya mai da shi Bauchi,
Jiki ya raunana, ban da zuciya.

Tsohon Malami:
Kin yi gaskiya 'yata, na karɓa.
A 1943 aka buɗe zauren muhawara,
Aminu Kano na koyarwa a Midil,
Tafawa Balewa na cikin masu shawara.
Sa'adu ya tasa En'e a gaba,
Tambayoyinsa ba sa jin tsawatarwa ko harara.
Da zafi ya kai ga masu mulki,
Sai aka rufe zauren, aka hana tattara.

Ɗalibin Tarihi:
Baba, Yaya, ku yi mini afuwa,
Akwai abin da ya tsaya mini a wuya.
A 1948 yana Legas da Zik,
Sakataren jam'iyyar NCNC ne baki ɗaya.
To, a waƙarsa "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya"
Ai bai ce a tuɓe rawani a ajiye waje ɗaya.
Mai kare gadon sarauta,
Ta yaya zai zama na talaka? Ina tambaya.

'Yar Zazzau:
Ƙanena, koma ka karanta da kyau,
Gargaɗi ne, ba kirarin fada ba.
Sarakunan Indiya sun rasa mulki
Bayan 1947, bai manta da wannan ba.
Cewa ya yi rawani zai tsira
In an yi adalci, ba da bulala ba.
A buɗe makarantu, a gyara kotun alƙali,
Kada a bar talaka bai san haƙƙinsa ba.
Ya kafa hujja da Shehu Ɗan Fodiyo,
Don haka ba su iya ce masa kafiri ba.
A "Waƙar Bidi'a" ya taɓo malamai,
Bai kyale masu ci da addini ba.
Da jam'iyyar NEPU ta tsaya a Kano a 1950,
Gidan sarki ya nufa? Bai nufa ba.
Sawaba ya bi, yana tari yana rubutu,
Aminu bai daina ce masa malami ba.

Ɗalibin Tarihi:
Yaya, na sauko rabin hanya,
Sauran rabin sai na sake bin baitocin.
Ni da "Maraba da Soja" na san shi,
Ta 'yan Bama da suka dawo daga yaƙin.

Tsohon Malami:
Karanta ɗana, ka dawo mu ɗora.
Ni abin da ke sa ni ƙwalla,
A 1958 ya cika a Bauchi,
Bai kai hamsin ba ya koma ga Jalla.
Saura shekara biyu a sauke tutar Ingila,
Bai ga ranar ba. Ka jiƙansa, ya Allah.