Shawarwari kan bibiyar hayaƙi daga sama

A wata tattaunawa kan bibiyar hayaƙi da tauraron ɗan'adam, abin da mahalarta suka fi nanatawa shi ne kada a ɗauki taswirar tauraron ɗan'adam a matsayin iskar da jama'a ke shaƙa. Na'urar TROPOMI, wadda Turai ta harba a kan tauraron ɗan'adam a 2017, tana auna iskar daga ƙasa har sama a dunƙule ne, galibi sau ɗaya a rana, gajimare kuma kan rufe mata ido.

In dutse ya yi aman wuta, kamar dutsen Nyiragongo na ƙasar Kongo a 2021, a bi sawun iskar farar wuta. Gobarar daji irin ta Kanada a 2023 kuwa, kabon monoksaid, iskar da ƙuna ke fitarwa, za a bi, domin takan yi makonni tana yawo. Ni dai ina tare da masu cewa a gwada taswirar da ma'aunin iska da ke doron ƙasa kafin a gargaɗi masu asma.