Shawarwarin makanikai kan top silindar Peugeot 504

Da aka tattauna yadda za a ƙara wa tsohuwar 504 ƙarfi, yawancin makanikai sun ce a fara duba top silinda, wato murfin da ke saman injin. Na alminiyom ne, in injin ya taɓa yin zafi sosai yakan lanƙwashe. A kai a kankare fuskarsa ta daidaita, amma kaɗan, in aka ci da yawa injin zai riƙa ƙwanƙwasa. A gurza bawul, wato abin da ke buɗe wa iska da hayaƙi hanya yana rufewa, har ya zauna daram.

Faɗaɗa ramukan shigar iska kuwa, nan aka yi ta musu. Ni ina bayan masu cewa a goge kaushin kawai.

Wani dattijo ya ja kunne: muddin an cire top ɗin, kada a juya injin, silif, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, zai motsa. In za a mayar da top ɗin, a sa sabon gasket, wato shimfiɗar da ke tsakaninsa da jikin injin, a ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe.