Me kuke ɗorawa a wannan tsadar? Kowa ya faɗi abin da ya gwada a gidansa

Maman Hanifa, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin cefane bai ƙara isata ba. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, a shekarar kuma buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura hakan. Hatsi ya ɗan sauko daga baya, alhamdu lillahi, amma mai da kayan miya da gawayi suna nan suna cinye abin da maigida ke bayarwa. Mu takwas ne a gida, har da surukata da ƙaninsa. Tsakanin garau-garau da ɗanwake da tuwo miyar kuka nake ta zagaye, yara sun fara ture kwano. Don Allah ba girkin biki nake tambaya ba. Abin da kuke dafawa da gaske nake son ji, wanda zai riƙe cikin yaro daga rana har magariba.

Hajiya Inna, Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Abu na farko, ki rage dogaro da shinkafa. Mu da muka taso, shinkafa ta ranar Juma'a ce da sallah, kuma ba mu rame ba.

Ki sayi masara tsaba, kada ki sayi gari. Ki kai a surfa, ki wanke ki shanya, sannan a ɓarza miki. In kin tankaɗe za ki sami abu uku daga kwano ɗaya: gari na tuwo, tsaki na fate ko dambu, dusa kuma ta kaji ko ki sayar wa masu kiwo. Mai sayen gari a ƙulle ta biya kuɗin duk wannan aikin, dusar kuma ta bar wa wani.

Faten tsaki shi ne abincin da ya rufa wa gidajen Zazzau asiri tun kaka da kakanni. Ki sa ruwa da yawa a tukunya, ki zuba wake kamar gwangwani ɗaya ya fara dahuwa. Ki daka gyaɗa ɗanya ki zuba, da daddawa, da attaruhu da albasa, manja cokali biyu ya isa. In ya tafasa sai ki zuba tsakin kina juyawa don kada ya yi gudaji. Ganye a ƙarshe, rama ko yakuwa, in da hali ki haɗa da alayyahu don ya rage tsamin. Tsakin da ba zai ishi mutum uku ba in dambu aka yi, a fate zai ciyar da gidanki gaba ɗaya, saboda ruwa da ganye ne ke ƙara masa auki. Kuma ba ya neman nama. Gyaɗar da daddawar su ne naman.

Sannan kada ki bari a zubar da komai. Tuwon dare ki yi shi da ɗan yawa, da safe ɗumame, kin huta da sayen burodi. Ƙanzon tukunya ki kankare ki shanya ki tara a buhu. Ranar da babu, ki jiƙa shi ya yi laushi, ki kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai. Yana ɓata mini rai in ji 'yan mata suna cewa wannan abincin ƙauye ne, alhali shi ya raini iyayensu.

Baban Khalifa, Jigawa

Hajiya ta gama magana. Ni malamin firamare ne, zan faɗi ɓangaren maza, don rabin matsalar tukunya a kasuwa take. Lokacin saye ya fi komai. Da kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, gero da dawa da wake suna araha. Da an shiga Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabo bai iso ba, nan farashi ke tashi. Mu huɗu a makarantarmu muke adashi tun daga farkon shekara, ba mai ɗauka, sai kaka ta yi mu shiga kasuwar Gujungu mu sayi buhuna mu raba da kwano. Ku na Kano ga Dawanau kusa da ku, ko buhu ɗaya ne ku haɗu ku uku.

Wake shi ne mai wahalar ajiya. Ni a jarkar mai nake zubawa, bayan an wanke ta ta bushe sarai, a cika ta har wuya a toshe da leda a ɗaure murfin. In iska ba ta shiga, ƙwarin mutuwa suke. Akwai kuma buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, aikinsa ɗaya ne. Abin da nake roƙo, kada kowa ya zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a abin da iyalinsa za su ci. Saboda ragowar irin wannan maganin Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Abin da wasu suka ƙi bai wa mutanensu, bai kamata mu zuba wa 'ya'yanmu ba.

Kuma 'yan uwana maza, mu riƙa shiga kasuwa da kanmu lokaci-lokaci. Wanda bai san kuɗin kwalbar man gyaɗa ba shi ke zargin matarsa da almubazzaranci.

Maman Sadik, Kaduna

Malam, Allah Ya saka da alheri, amma sayen buhu sai mai albashi. Maigidana ɗan adaidaita sahu ne, abin da ya samo yau shi za a ci yau, wani lokacin sai bayan azahar yake aiko da kuɗin awo. Mu irinmu da gwangwani muke saye, kuma mun san mun fi kowa saye da tsada.

Abin da ya taimake ni shi ne na daina kallon kuɗin abincin kaɗai, na koma lissafa wuta da miya. Taliya tana da saurin dahuwa amma tana neman miya ko mai da yawa, kuma kafin la'asar yara sun dawo suna yunwa. Ɗanwake ba ya neman miya ko kaɗan. Garin wake da na rogo, kuka, ruwan kanwa kaɗan, mai da yaji, shi ke nan, kuma yana zama a ciki. In na sami kabeji ko albasa na yanka a kai.

Wake kuwa tun dare nake jiƙa shi, da safe ba ya cin gawayi. Kuma akwai dabarar da maƙwabciyata ta koya mini: in shinkafa da wake ta tafasa sosai, ruwan ya kusa tsotsewa, sai in sauke tukunyar a rufe, in naɗe ta da tsohon bargo in sa a kwali. Zafin da ke ciki shi zai ƙarasa ta. Garwashin da ya rage in ɗora ruwan zafi ko in kashe shi da ƙasa don gobe.

Ba zan ɓoye ba, lokacin da abin ya yi tsanani a 2024 mun ci afafata, ɓarzajjiyar shinkafar nan da masu casa ke warewa. Sai an tsince, an rege, an wanke sau da yawa. Da ita nake tuwo ko fate, ba ta yin kyau a dafa-duka.

Anti Nas, Azare

Ina karanta ku tun ɗazu, kuma duk abin da aka faɗa gaskiya ne. Amma ni a asibiti nake aiki, ɓangaren yara, dole in ƙara wani abu. Ƙoshi daban, gina jiki daban. Ana kawo mana yara masu tamowa daga gidajen da ake ɗora tukunya kullum. Uwar za ta rantse yaron yana ci, kuma ba ƙarya take ba. Koko ne tsararo da safe, tuwo da rana, tuwo da dare. Cikinsa ya cika da ruwa da gari, jikin bai sami abin ginuwa ba.

Babba zai jure wata da watanni a kan tuwo da miyar kuka. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba zai jure ba, haka mai ciki da mai shayarwa. Don haka in abin ya yi kaɗan, waken da gyaɗar da ƙwai ɗayan da aka samu su ne suka fi cancanta da shi.

Ga abin da muke koya wa iyaye mata, ana kiransa Tom Brown. Gwangwani 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. A gyara kowanne, a soya shi daban sama-sama har ya yi ƙamshi, a cire ɓawon waken suyan, a haɗa a niƙa. A dama shi da kauri, yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba. In akwai garin busasshen kifi ko na zogale a barbaɗa. Ya fi abincin gwangwani na kanti araha nesa ba kusa ba. Hatsi da wake in sun haɗu suna cike wa juna abin da kowanne ya rasa, shi ya sa garau-garau da faten da Hajiya ta kwatanta suke da amfani sosai.

Abu biyu kuma. Ƙaramin yaro a zuba masa nasa a kwanonsa. In an haɗa shi da yayyensa a faranti ɗaya, kafin ya kai loma uku sun share. Sannan duk araha kada a sayi masara ko gyaɗar da ta yi hunhuna. Gubar da ke cikinta tana lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. In ƙafafun yaro sun fara kumbura ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, a kai shi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Maman Nana, Maraɗi

Sannunku 'yan uwa na Najeriya. Mu ma mun sha tamu bayan juyin mulkin Yulin 2023, da anka rufe iyaka kaya sunka yi wuta. Abin da ya cece mu shi ne ba mu taɓa sakin hatsi ba. Tiya guda ta hatsi, rabi hura rabi tuwo. Hura da nono in ta sami dama mai kyau tana kai manomi har marece.

Amma ganye nika son in yi magana a kai. Da damana tafasa da rama da yakuwa da zogale ko'ina suna nan, wani ma kyauta. Mu nan ba mu bari shi wuce. Muna tsinka mu shanya a inuwa, ba cikin rana ba, don kada shi ƙone shi yi fari. Kuɓewa ma a yanka a shanya. Da rani sai dai ki ɗebo cikin buhu. Zogalen da anka dafa anka kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tonka, a ɗora bisa dambu, kalaci ne cikakke. Duk wadda ke da ɗan fili a gida ta dasa zogale guda biyu wajen da ruwan wanke-wanke ke bi, cikin shekara za ta fara tsinka.

Amaryar Malam, Kano

Ni kayan miya ne nawa. Tumatir yana faɗuwa warwas lokacin sanyi zuwa farkon zafi, sa'ad da na noman rani ke fitowa daga su Kadawa, sannan ya yi tsada da damina ko in tsutsar nan sharon ta faɗa wa gonaki. In ya yi araha nake zuwa 'Yankaba mu raba kwando da yayata. Rabi na yanka na shanya kauɗa, rabi na markaɗa na dafa har ruwan ya ƙone, na zuba a kwalba mai tsabta na rufe samansa da mai. Lokacin tsada kuma kabewa ce madadina. Ki dafa ta ki dama, ki sa tattasai busasshe biyu da ɗan tsamin yakuwa, miyar taushe ta haɗu ba tumatir ko ɗaya. Ƙashin miya na ɗari biyar ya isa ya ba ta ƙamshi, ba sai tsoka ba.

Maman Hanifa, Kano

Allah Ya biya ku gaba ɗaya. Anti Nas, maganar kwanon yaro ta shige ni, autana shekararsa biyu kuma tare da yayyensa yake ci. Daga yau zan ware masa. Saura tambaya ɗaya: waken suya yana da araha a wajenmu, amma ban iya awara ba. Wa zai koya mini?

Maman Sadik, Kaduna

Yaya, ni sana'ata ce kafin in haihu. Ki gyara waken ki jiƙa shi ya kwana, ko daga asuba zuwa azahar in lokacin zafi ne, don kada ya yi tsami. Ki wanke ki kai markaɗe, ki ce a yi miki laushi sosai. Ki ɗiga manja kaɗan a kan ƙullin don kumfar ta kwanta, ki ƙara ruwa ki tace da ƙyallen tata. Madarar ki ɗora a babbar tukunya, kada ki cika ta, tana tashi kamar nono. In ta tafaso ki rage wuta ki riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan a gefe, ba ki juyawa da ƙarfi. Ruwan da kika tsiyaye daga kan gasara ya kwana biyu shi ne ya fi, in babu ki jiƙa tsamiya. Za ki ga ta dunƙule ta taso sama, ruwan ya koma garai-garai. Ki kwashe a ƙyalle, ki sa gishiri da attaruhu da albasa, ki ɗaure ki danne da dutse.

Ba dole sai kin soya duka ba, mai ne ke cin kuɗin. Ki yanka wata ƙanana ki jefa a miya a madadin nama, yara ba sa barinta. Dusar da ta rage a ƙyalle kada ki zubar, ki haɗa da ɗan gari da albasa ki soya kamar ƙosai, ko ki zuba a talgen tuwo ta dahu tare da shi. Ruwan da ya tsiyaye daga awarar kuma ki adana a jarka, shi ne ruwan tsaminki na gaba.